Mawaƙi da Muryarsa Cikin Na'ura

Tun fil azal har zuwa shekarar 1877 babu ɗan Adam da ya taɓa jin muryarsa kamar yadda sauran mutane su ke jin ta. A wannan shekara ne wani Ba'amurke mai suna Thomas Edison ya ƙera na'urar da ke kama magana, ta ajiye, sa'an nan ta maido da ita. Bayan shekara 10 Emile Berliner ya fito da garmaho mai faifai. Daga nan mawaƙa suka gamu da wani abu da kakanninsu ba su sani ba, watau mutum ya zauna ya saurari kansa, ya ce wannan murya ba tasa ba ce.

Da farko laifin na na'ura ne. Mawaƙi ya kan tsaya gaban wani bututu mai faɗin baki, ya yi ta ɗaga murya, allura na zana sautin a kan kaki. Siririn sauti da mai kauri duk su kan salwanta, sai na tsakiya ya saura. Cikin 1925 aka soma aiki da makirufo da wutar lantarki, sauti ya gyaru ƙwarai, amma ƙorafin mawaƙa bai ƙare ba.

To, ashe dalilin yana cikin kan mutum. Sa'ad da mutum ke magana, muryarsa tana isa kunnensa ta hanya biyu. Ɗaya ta iska, wadda kowa ke ji. Ɗaya kuwa ta ƙasusuwan kai da muƙamuƙi, ita ce ke kai kaurin murya kai tsaye zuwa can cikin kunne. Makirufo ba ya samun ta biyun. Saboda haka in aka maido wa mawaƙi waƙarsa sai ya ji ta siririya, ba nauyi, alhali haka jama'a su ke jin sa kullum. Mai karatu na iya gwadawa: ya toshe kunnuwansa da yatsu ya yi magana, zai ji muryar ta cika masa kai. Georg von Békésy, mutumin Hungari, yana cikin masanan da suka binciki wannan hanya ta ƙashi, an kuwa ba shi lambar Nobel cikin 1961 saboda aikinsa a kan kunne.

Ba kowa ne ya ƙi muryarsa ba. Cikin Disamba 1905 aka kai kayan ɗaukar sauti har gidan Adelina Patti a ƙasar Wales, tana da shekara 62. Da aka kunna mata, murna ta yi ƙwarai. John Lennon na ƙungiyar Beatles kuwa, wanda duniya ke rububin faya-fayansa, ya sha roƙon George Martin ya sāke masa kamannin murya. Ya kan rera waƙa sau biyu a haɗa don ta yi kauri, har cikin 1966 Ken Townsend ya ƙago dabarar da na'ura za ta ninka muryar da kanta a Abbey Road, birnin Landan.

Abin ya fi tsanani da ɗaukar waƙa ta shiga gidaje. Kamfanin Philips ya fito da kaset cikin 1963, sa'an nan cikin 1979 aka fito da Portastudio, 'yar na'ura mai layi 4 wadda mutum zai aza bisa tebur. Ɗakin kwana kuwa ba don waƙa aka gina shi ba. Bangonsa kusa ya ke, sauti na dukansa ya komo cikin makirufo, murya ta fito kamar daga cikin tulu. Kunnen mutum ya saba da ɗakinsa, ba ya lura da wannan amo. Makirufo ba ruwansa da sabo. Ga numfashi, ga motsin leɓe, duk ya kwashe. Babu 'yan kallo masu ƙarfafa gwiwa, babu gwanin da zai gyara. Mafi muni, mawaƙin gida ya kan gwada ɗanyen aikinsa da faifan kasuwa wanda gwanaye suka yi makonni suna gogewa. Wannan gwaji ba adalci cikinsa, ya kuwa sa masu baiwa da yawa sun share waƙoƙinsu tun wani bai ji ba.

Cikin Janairu 1982 Bruce Springsteen ya zauna a gidansa a jihar New Jersey da jita da irin wannan 'yar na'ura, ya ɗauki waƙoƙi don kawai ya nuna wa makaɗansa. Suka shiga babban ɗakin ɗaukar waƙa a New York suka sāke yin su da kayan kiɗa cikakku, amma da dama cikinsu ba su kai na gida daɗi ba. Kaset ɗin da ya yi ta yawo da shi cikin aljihu, shi aka gyara aka buga cikin Satumba na wannan shekara, da sunan Nebraska.