Tarihin Gano Illar Oksijin ga Ido

Iskar oksijin da jiki ke rayuwa da ita tana barin wasu ɓurɓushi masu zafin nama a cikin ƙwayoyin halitta, waɗanda ke cin kitse da furotin kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Jiki na da garkuwarsa, amma idan ɓurɓushin suka fi ƙarfinta sai lahani ya biyo baya. Ido na cikin gaɓoɓin da abin ya fi shafa, domin haske na dukansa kullum, kuma tantanin gani da ke bayansa na shan oksijin sosai.

Likitoci sun fara ganin wannan illa ne a kan jarirai bakwaini. A 1942 Theodore Terry na Boston ya bayyana wata makanta da ke kama bakwaini, ba tare da an san sanadinta ba. A lokacin ana cika kwalbar jarirai da oksijin don a ceci ransu. Sai a 1951 Kate Campbell, wata likita a Melbon ta Ostareliya, ta lura cewa cutar ta fi yawa inda ake wadata jarirai da iskar. Gwajin Arnall Patz a Amurka ya ƙarfafa zargin, aka rage oksijin, makantar ta ja baya. Sai dai ragewar ta wuce gona da iri a wasu asibitoci, har mace-macen bakwaini ya ƙaru.

Bayanin kimiyya ya zo daga baya. Rebeca Gerschman ta danganta gubar oksijin da waɗannan ɓurɓushi a 1954, McCord da Fridovich suka gano sinadarin jiki mai kashe kaifinsu a 1969, sannan Helmut Sies ya fayyace matsalar rinjayen ɓurɓushin a kan garkuwar jiki a 1985. Daga nan bincike ya karkata ga yanar ido da lalacewar tsakiyar tantanin gani a tsufa.

Batun magani bai kai yadda aka sa rai ba. Binciken AREDS na Cibiyar Ido ta Ƙasa a Amurka ya nuna a 2001 cewa haɗin bitamin C da E, beta-karotin da zink na rage haɗarin tsanantar ciwon tsakiyar tantanin da kusan kashi 25 cikin 100, amma bai hana yana ba. A 2013 aka maye gurbin beta-karotin da lutin da ziyazantin, saboda beta-karotin na ƙara haɗarin sankarar huhu ga mashaya taba. Ita kuwa yana, har yau tiyata ce maganinta.