Na'urar da Ta Sha Sigari a Madadin Mutum

A shekarar 1967 Hukumar Kula da Kasuwanci ta Tarayyar Amurka, FTC, ta fara auna sigari da na'ura. Ana saƙala kara a bakinta, ta zuƙi hayaƙi mililita 35 cikin sakan 2, ta huta, sai bayan minti guda ta sake zuƙa. Wani faifan tacewa ne ke kama abin da ya fito, a auna kwalta da nikotin ɗin da suka maƙale a jikinsa. Alƙaluman da aka samu ta haka su ne suka cika tallace-tallacen sigari shekaru da dama, kuma ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO bai bambanta sosai da wannan tsari ba.

An yi hakan ne domin a iya kwatanta wannan sigari da wancan a kan mizani ɗaya. Matsalar ita ce babu mashayin da ke shan taba kamar na'ura.

Kamfanonin taba sun gane haka da wuri. Suka riƙa huda ƙananan ramuka a jikin matatar da ke gindin kara, ramukan da da ƙyar ido ke ganinsu. Idan na'ura ta zuƙa, iska na shiga ta nan ta tsarma hayaƙin, sai alƙalami ya faɗi ƙasa, a sayar da sigarin da sunan mai sauƙi. Shi kuwa mutum yatsunsa da leɓɓansa sukan toshe ramukan bai sani ba. Ko da bai toshe ba, jikinsa ya saba da wani adadi na nikotin, don haka yakan zuƙa da ƙarfi, ya yawaita zuƙar, ya sha karan har gindi. Ga shi kuma kowane kara na ɗauke da nikotin kimanin miligiram 10 zuwa 14, alhali abin da ke shiga jinin mashayi bai cika wuce 1 zuwa 1.5 ba. Akwai rara mai yawa ga wanda ya ƙara ja.

Masu bincike sai suka bar na'ura suka koma ga jikin mutum. Auna nikotin kai tsaye a jini yana da wuya, domin rabinsa kan ɓace cikin kimanin awa 2. Sakamakon ya dogara ga lokacin da mutum ya kashe karansa na ƙarshe. Amma hanta tana mayar da kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na nikotin zuwa wani sinadari mai suna kotinin, wanda rabinsa ke ɗaukar kusan awa 16 kafin ya gushe, ana kuma samunsa a jini da yawu da fitsari. Da shi Neal Benowitz na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko da abokan aikinsa suka yi amfani, suka wallafa a mujallar New England Journal of Medicine a 1983 cewa masu shan sigarin da na'ura ta ce mai ƙarancin nikotin ne ba su rage abin da ke shiga jikinsu ba. Kotinin ma ba cikakken ma'auni ba ne, tunda hantar wani ta fi ta wani saurin aiki, amma dai mutum yake aunawa.

Hukumomi sun daɗe ba su motsa ba, kuma a tsawon wannan jinkiri mashaya da yawa da ke tunanin dainawa sun koma wa sigari "mai sauƙi" suna zaton sun rage haɗari. Kanada ta ɓullo da nata gwajin mai tsanani: zuƙa mililita 55, kowane sakan 30, ramukan duka a toshe. A 2006 alƙaliya Gladys Kessler ta yanke hukunci cewa kamfanonin sun yaudari jama'a a kan wannan batu. Sai a 2008 FTC ta janye goyon bayanta ga tsarin nata, shekara 41 bayan fara shi. Daga 2010 doka ta hana rubuta irin waɗannan kalmomi na sauƙi a kwalin sigari a Amurka.

Saura tambayar da ta fi damun mai gwaji: yaya zai san adadin da ya bai wa mutum, tunda mashayi ne ke sarrafa zuƙarsa? Amsar da aka samo ita ce a rage nikotin a cikin ganyen tabar kansa, inda yatsa ba zai toshe komai ba. Cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka, NIDA, ta sa aka ƙera sigarin bincike mai suna Spectrum, kowane rukuni da adadinsa sananne. A gwajin da Eric Donny ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2015, an raba wa mafi yawan mashaya 840 da suka shiga gwajin irin waɗannan karare tsawon mako 6, daga mai miligiram 15.8 a kowane giram na taba zuwa mai 0.4. Waɗanda suka sami mafi ƙarancin sun sha karare kaɗan a rana fiye da masu cikakken nikotin, kuma ba a ga alamar sun ƙara shaƙar hayaƙi don cike giɓin ba, domin ko sun ja da ƙarfi babu rarar da za su jawo.