'Yan Daudu da Tukunyar Bakin Tasha

Duk lokacin da aka ta da zancen maza masu ɗabi'ar mata a Arewa, abin da kunne ke fara ji shi ne wai baƙon abu ne da ya shigo ta fina-finai da intanet da ƙungiyoyin waje. Tarihin garuruwanmu bai yarda da wannan ba. 'Yan daudu sun girmi talabijin a ƙasar Hausa, sun girmi Najeriya mai 'yancin kai, kuma sun daɗe da gurbi sananne a kasuwa da wajen biki da dandalin bori. Abin da ya ba su wannan gurbi sana'a ce, tare da wani tsohon tsari na zaman gari wanda malami zai tsawata a kan mumbari amma a bar mutum ya nemi abincinsa. Wannan tsari ne ya rushe tun daga shekarar 2000, kuma ina ganin rushewarsa hasara ce da ya kamata a auna da idon basira.

Tsofaffin bayanan da ake da su sun fi danganta 'yan daudu da bori. A wajen wasa su ne masu hidima, su dafa abinci, su yi rawa, su tara 'yan kallo, kuma ana alaƙanta su da Ɗan Galadima, iskan nan ɗan sarauta mai son ado da kyauta da caca. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804 ya yaƙi bori, Nana Asma'u ma ta kafa 'yan taru domin janyo mata zuwa ga karatu, amma bori bai mutu ba. Ya koma gefen gari da gidajen mata masu zaman kansu, ƙarƙashin magajiya, kuma a nan ɗan daudu ya sami inuwa.

Abin da ya mayar da daudanci sana'ar birni shi ne jirgin ƙasa da gyaɗa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ba a jima ba aka kafa Sabon Gari, sai garin ya cika da 'yan ci-rani da 'yan dako da fatake, daga baya kuma direbobi da 'yan kamasho, duk maza ne da suka baro iyalinsu a ƙauye. Waɗannan mutane dole su ci tuwo. Matar aure tana kulle, cinikinta ta hannun 'yar talla yake bi, kuma 'yar talla ba ta kaiwa tsakar dare a tasha. Namiji mai ji da kansa zai yi fawa, zai gasa tsire, zai yi shayi, amma ba zai tuƙa tuwo ko ya kaɗa miya ba, domin wannan aikin mata ne. Giɓin da ya rage tsakanin kulle da girman kan maza shi ne 'yan daudu da mata masu zaman kansu suka cike da tuwo da miya da shinkafa da soyayyun kaji. Sana'ar tana da tsarinta kamar kowace: yaro ya zo daga ƙauye, sau da yawa bayan gida ya yi masa zafi, ya zauna ƙarƙashin babban ɗan daudu da ake kira uwar ɗakinsa, ya fara da wanke-wanke da hura wuta, har ya iya hannu ya kafa tasa tukunyar. Wasu sun haɗa da kawalci, wannan ba a ɓoye yake ba. Renée Pittin, wadda ta yi nazarin gidajen mata a Katsina, ta rubuta wannan zama, haka ma Rudolf Gaudio da ya zauna da su a Kano a shekarun 1990 ya fitar da littafinsa Allah Made Us a 2009. Cikin abin da Gaudio ya tarar har da cewa da yawansu suna da mata da 'ya'ya, suna salla da azumi, wasu sun je Makka da Jidda neman kuɗi sun dawo ana kiransu alhazai.

Siyasa ma ta ci moriyarsu. Bayan kafa NEPU a 1950 da fafatawarta da NPC, matan aure ba sa fitowa taro, ba su ma da ƙuri'a a Arewa sai a ƙarshen shekarun 1970, don haka jam'iyyu suka dogara da magajiyoyi da mutanen gidajensu wajen cika fili da guɗa da girki. Wanda ya ciyar da taron bai taɓa samun kujera a cikinsa ba. A nan ya kamata a faɗi iyakar wannan haƙuri da gaskiya: amfani aka yi da ɗan daudu, ana dariyar karairayarsa da habaicinsa, ana cin girkinsa, amma ba a ba shi limanci ko sarauta, kuma uba ba ya fatan ɗansa ya zama shi. Idan fari ya yi tsanani, sarakuna kan ba da umarnin karuwai su yi aure ko su bar gari, guguwar takan haɗa da 'yan daudu, in ruwa ya sauka kowa ya lallaɓo ya dawo. Har a farkon shekarun 2000 marigayi Rabilu Musa ya yi fim ɗin Ibro Ɗan Daudu, jama'a suka saya suka sha dariya, domin mutum ne da kowa ya sani a unguwarsu.

Idan ana neman abin da ya zo daga waje a wannan labari, a duba littafin doka. Kundin hukunta laifuka na Jihar Arewa da ya fara aiki a 1960 an ɗauko shi daga na Sudan, shi kuma daga wanda Ingila ta rubuta wa Indiya a 1860. Sashe na 405 ya sa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin jerin 'yan zaman banza. An daɗe ba a cika ɗaga wannan sashe ba. Sauyin ya zo ne bayan Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau a Oktoban 1999, wasu jihohi goma sha ɗaya suka bi, Kano ta kafa hukumar Hisba da doka a 2003, aka rufe gidajen mata da wuraren wasa da dama. A Agustan 2007 an kama maza 18 a Bauci bisa zargin shigar mata da shirya auren jinsi. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, mai ɗaurin shekara 14, da shekara 10 ga mai shiga ƙungiyarsu ko taimaka mata. Ɗan daudun tasha bai taɓa neman a ɗaura masa aure da namiji a gaban alƙali ba, rigimar ta Amurka da Turai ce, amma a kansa ta sauka, domin shi ne ake iya ganewa daga tafiya da murya.

Mai ƙalubale zai ce addini ya yi magana, kuma ya yi. Luwaɗi haramun ne a wajen malaman mazhabobi, hadisin Ibn Abbas da ke cikin Buhari kuma ya kawo la'ana ga namiji mai kwaikwayon mata. Ba wanda zai karanta tarihi da gaskiya ya ce malaman ƙasar Hausa sun taɓa halatta waɗannan. Sai dai fiƙihun da ya haramta shi ne kuma ya gindaya sharuɗɗa. Imamu Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya raba tsakanin wanda aka halitta da laushin murya da motsi, wanda ya ce babu zargi a kansa, da wanda ya ƙirƙiro wa kansa da gangan. A Madina ta zamanin Annabi (SAW) akwai irin waɗannan mutane, suna shiga gidaje, kuma wanda aka hana shiga gidan Ummu Salama an hana shi ne bayan an ji yana siffanta jikin wata mata ta Ɗa'ifa ga wani namiji. A mazhabar Malikiyya da muke bi, tabbatar da luwaɗi sai da shaidu huɗu ko iƙirari, Suratul Hujurati kuma ta hana bin diddigin asirin mutane. Daudanci ɗabi'a ce da sana'a da ake gani a fili, abin da mutum ya yi a ɗaki wani zance ne da shari'a ta ƙi a buɗe shi da zato. Kakanninmu da suka bar ɗan daudu ya sayar da tuwonsa ba jahilan addini ba ne. Sun fi kusa da waɗannan sharuɗɗa fiye da taron da ya yi ta jifa a harabar wata kotun Bauci a 2014, lokacin shari'ar wasu maza da ake zargi da luwaɗi, tun kafin alƙali ya yanke hukunci.

Akwai kuma masu cewa tsohon zaman ma wulaƙanci ne, don haka babu abin kewa a cikinsa. Da gaskiyarsu ta wani ɓangare, domin wanda ake haƙuri da shi saboda amfaninsa kawai, ranar da aka ga dama za a kore shi, kuma an yi hakan. Amma yaron da gidansu ya ƙi shi a 1970 yana da inda zai nufa, akwai uwar ɗakin da za ta karɓe shi, da sana'ar da zai koya, da jarin da zai tara har ya yi aure ko ya sauke farali. Takwaransa na yau yakan bar makaranta saboda tsangwama, mai gidan haya na gudunsa, yana tsoron zuwa asibiti kada a tona shi, kuma duk ɗan sandan da ya so ko ɗan unguwar da ya riƙe wayarsa zai iya tatsarsa da barazana. Ba a rage yawan masu wannan ɗabi'a ba, tunda ba doka ce ta kawo su ba. An dai rufe musu hanyar halak da suka fi sani, wato girki a fili, aka bar musu ta ɓoye, inda kawalci da cuta da cin zarafi suka fi samun wuri.