Daga Tukunyar Tattabara Zuwa Kejin Waya

Duk wanda ya tashi a garin manoma irin Gwangwan, can ƙaramar hukumar Rogo a ƙasar Karaye, ya san tsuntsu iri biyu ne. Akwai na gona, irin su jan baki, da ake tura yara su kora da majajjawa idan gero ya fara ido. Akwai kuma na gida: kaza, zabo, agwagwa, da tattabara.

Tattabara ita ce ta yara maza. Sai a samu tsohuwar tukunya a huda mata ƙofa, a ɗora ta a kan katanga ko a rataye ƙarƙashin rufi, inda muzuru da gafiya ba za su kai ba. Ƙwai biyu take yi, mace da namiji su riƙa karɓa-karɓa wajen kwanci har kwana 18, sai ga 'yan shila. Da su ake sayen takalmin salla, da su ake yi wa mara lafiya romo. Matan gida kuwa sun san abin da ya fi wannan zurfi. Sun lura zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, sai su kwashe ƙwanta su zuba wa kaza, ita kuma ta zauna a kai kusan kwana 28 maimakon 21 da ta saba. Babu wanda ya karanta wannan a littafi. Ido ne ya koya musu wane tsuntsu ke iya riƙe ɗan wani, wane ne kuma ba a haɗa su makwanci.

Keji ma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, amma na dā kamun daji ake zuba masa: kanari don kukansa, aku don bakinsa. Ba a kiwonsu su hayayyafa. In ɗaya ya mutu, a kamo wani. Haka Afirka ta Yamma ta daɗe tana tura ƙananan tsuntsaye Turai, musamman ta Senegal, har murar tsuntsaye ta tsayar da cinikin. Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da tsuntsayen daji a Oktoban 2005, a Fabrairun 2006 cutar ta bayyana a wata gonar kaji kusa da Jaji a Jihar Kaduna, a 2007 kuma hanin na Turai ya zama na dindindin. A 2016 ƙasashen duniya suka amince a haramta fataucin aku mai jan wutsiya da aka kamo daga daji. Kasuwa sai ta ƙara karkata ga tsuntsun da aka ƙyanƙyashe a keji, kuma a wannan fagen wasu baƙi biyu daga Ostareliya sun yi wa saura nisa.

Na farko shi ne baji, ɗan ƙaramin dangin aku mai doguwar wutsiya. Wani Bature masanin tsuntsaye, John Gould, shi ya kai su Ingila da rai a 1840. A daji kore ne da rawaya, shuɗin da ake gani yau aikin masu kiwo ne a Turai. Na biyu shi ne zebura finci, wanda ya samo sunansa daga zanen baƙi da fari irin na jakin dawa. Namijin yana da jan baki da kumatu ruwan lemo. Ɗan uwan beni ne da asisi, waɗannan da ke tsince tsaki a tsakar gida, har ma yana zuƙar ruwa ba tare da ɗaga kai ba, kamar tattabara. Tun 1960 Ostareliya ta hana fitar da tsuntsayenta, don haka duk wanda aka gani a keji a yau jikan jikan na keji ne.

To, a nan kuskuren yake. Mai saye ya ga duka ƙanana ne, duka gero suke ci, ƙasarsu ɗaya, sai ya zuba su keji guda. Gaskiya ne a daji suna haɗuwa a bakin ruwa, amma kowa da inda yake kwana. Baji kogon itace yake nema, ya zuba ƙwai a ciki ba tare da ya kai ko tsinke ba. Finci kuwa masaƙi ne, sheƙar ciyawa mai rufi yake ɗinkawa cikin ƙaya. Nauyinsa a daji kusan giram 12 ne, baji ya ninka shi fiye da biyu, ga lanƙwasasshen baki da ba ya ganin abu bai tauna ba. Abin da finci ya kwana biyu yana saƙawa, baji zai warware shi kafin azahar, ba don mugunta ba, halinsa ke nan. Ya leƙa sheƙa, ya fasa ƙwai, ya ciji ƙafar da ba ta kai kaurin ashana ba. Macen finci tana zuba ƙwai 4 zuwa 6, kwanci na ɗaukar kamar mako biyu, 'ya'yan su fita sheƙa bayan mako uku. Idan aka hana iyayen sakat a wannan tsakani, sai su bar ƙwan ya huce, ko su sake shimfiɗa ciyawa a kansa su fara daga farko.

Abin tausayi ne, don finci ba tsuntsun wasa ba ne. Namiji kaɗai ke waƙa, kuma daga bakin ubansa yake koyonta yana ƙarami, kamar yadda yaro ke ɗaukar magana. Saboda haka masana ƙwaƙwalwa suka rungume shi, har a 2010 aka kammala karanta ƙwayoyin halittarsa, tsuntsu na biyu bayan kaza.

Maƙwabtaka ba laifi ba ce. Surutun baji daga ɗaya kusurwar ɗaki ba ya hana finci kwanci, don shi ma a cikin taro yake hayayyafa. Haɗa su gida ɗaya lokacin ƙwai shi ne ɓarna. Matashin Gwangwan ko Rogo da ya yi sha'awar kiwon waɗannan baƙi, ya yi musu abin da kakarsa ta yi wa tattabara da kaza: keji biyu, da tazarar da baki ba zai kai ƙafa ba, ko a sa katako a tsakani. A ɗaga su sama saboda kyanwa, a ajiye su a inuwa, a ba finci busasshiyar ciyawa da dakakken ɓawon ƙwai, sannan a daina leƙa sheƙar har 'ya'yan su fito da kansu.