Ɗankasari: Kwamin Karkara a Ƙasar Arewa ta Nijar

Ɗankasari ƙaramar hukuma ce ta karkara, irin wadda mutanen Nijar ke kira kwamin, a gundumar Dogon Dutse ta jihar Doso. Garin da ta ci sunansa yana bakin babbar hanya mai lamba 1, tsakanin Dogon Dutse da Birnin Ƙonni, ba nisa da iyakar Najeriya. Tana cikin kwamin shida na gundumar, tare da Dogon Dutse, Matankari, Kiyeshe, Dogon Kirya da Sukukutan. Mafi yawan mazaunanta Hausawa ne, Arawa da Gubawa, sai Fulani da Buzaye makiyaya.

Ƙasar tudu ce ta marmara da jigawa, gabas da kwarin Dallol Mawri. A cikin kwari ruwa kusa yake, amma a kan tudu sai an yi haƙa mai zurfi kafin a tarar da shi, shi ya sa maganar rijiya ke gaba da kowace magana a ƙauyuka da yawa. Damina ɗaya ce, daga Yuni zuwa Satumba. Gero da wake su ne abin dogaro, kuma da an kai amfanin gona rumbu samari ke kama hanyar cin rani, wasu Yamai, wasu Sakkwato da biranen Najeriya.

Tarihin yankin ya girmi kwamin nesa ba kusa ba, kuma cibiyarsa ƙauyen Lugu ne. Bisa tarihin baka, wata sarauniya ce ta taso daga Daura da jama'arta, suna biye da wani dutse mai suna Tunguma, har inda dutsen ya tsaya suka kafa gari. Daga ita sarautar Sarauniyar Lugu ta samo asali. Sarauta ce ta ƙasa da tsafi a addinin Azna, ba ta doki da takobi ba. Sarauniya na zaune a bukkarta cikin fararen kaya, tana kaɗi, ana zuwa wurinta neman ruwan sama da lafiyar gari. Idan ta rasu, a kan ɗauki gawarta a zaga da ita har ta nuna wadda za ta gaje ta, al'adar da ake kira tarkama. Dutsen Tunguma kuwa shi ne alƙali: masu jayayya kan sata ko gona sukan je gabansa a yi musu hukunci.

Sarautar mulki daga baya ta zo. Ana cewa wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari ya auri 'yar Baura na Bagaji, suka haifi Akazama, wanda daga gare shi sarakunan Arewa, ƙasar Arawa, suka fito. Sai aka raba aiki: Arawa na riƙe da mutane da yaƙi, Gubawa, mutanen Sarauniya da Baura, na riƙe da ƙasa. Wanda bai gane wannan rabo ba, ba zai gane siyasar yankin ba har gobe.

A 1899 ne Lugu ta shiga littattafan duniya. Rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da Julien Chanoine, wadda ta nufi Tafkin Chadi tana ƙone garuruwa tana kashe mutane, ta iso ƙasar Arewa. Wasu garuruwan suka miƙa wuya, Lugu a ƙarƙashin Sarauniya Mangu ta ƙi. Ranar 16 ga Afrilu aka gwabza, kibiya da bindiga. Maharban Lugu sun ja da baya cikin kurmi suna harbi, Faransawa suka ƙone garin suka wuce, ba su kama Sarauniya ba. A watan Mayu rundunar ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni. A watan Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da shi, kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu suka kashe Voulet da Chanoine. Mutanen Arewa da dama sun ɗauka cewa asirin Sarauniya ne ya bi su.

Abin lura, a takarda ƙasar ba ta Faransa ba ce a lokacin. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1898 ta bai wa Ingila yankin da ke cikin mil 100 daga Sakkwato, kuma Lugu na ciki. Sai da aka sake shata iyaka a 1904 da 1906 yankin ya koma hannun Faransa. Da ba a yi wannan gyara ba, da yau Ɗankasari ƙaramar hukuma ce a Najeriya. Turawan mulki sun mayar da Dogon Dutse mazaunin hukuma da na Sarkin Arewa, suka ɗora masa karɓar haraji, Sarauniya kuwa ba su ba ta gurbi a tsarinsu ba. Musulunci ya ci gaba da yaɗuwa, hanyar mota ta bi ta Ɗankasari, kasuwa ta bi hanya, Lugu ta yi ta raguwa.

Sunan Mangu dai bai ragu ba. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafin Sarraounia a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu a 1987. Bayan juyin mulkin 2023 gwamnatin soja ta ƙirƙiro lambar girma da sunanta. Wannan karramawa ta dace, sai dai ba ta kai ga jikokinta yadda ya kamata ba. Wasu daga cikin rijiyoyi da tallafin karatun 'yan mata da aka gani a yankin sun zo ne ta hannun ƙungiyoyi irin su Tarbiyya Tatali da ƙawancen kwamin da garin Cesson-Sévigné na Faransa.

Ita kwamin kanta jaririya ce a kan waɗannan sarautu. Dokokin 2002 ne suka raba Nijar zuwa kwamin 265, daga ciki 213 na karkara, aka yi zaɓen farko a Yulin 2004. A tsarin da aka bi kafin Afrilun 2024, jama'a ke zaɓen 'yan majalisa, su kuma su fitar da magajin gari daga cikinsu. A lokacin sarakunan gargajiya na zama a majalisar su ba da shawara, amma ba su jefa ƙuri'a. An ɗora wa kwamin makarantun firamare, ɗakunan shan magani, rijiyoyi da takardun haihuwa, alhali kuɗin shigarta harajin kai ne da na kasuwa, wanda shekarar fari kan karya shi. Rikicin gona da burtali kuwa har yanzu wurin mai gari ake fara kai shi.

An sake zaɓe a Janairun 2011 da Disambar 2020. Sau biyu sojoji na rusa majalisun ƙananan hukumomi, a 2010 da kuma Afrilun 2024, lokacin da aka maye gurbin zaɓaɓɓun magadan gari da kantomomi da gwamnatin Yamai ta naɗa, har da na Ɗankasari.