Yadda Mashaya Ta Yi Ƙaura Zuwa Falo a Amurka

Wanda ya saba duba zanen manyan gidajen Amurka, ko ya saba kallon finafinansu, zai iya tuna wata kusurwa da ke yawan bayyana a falo ko a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Akwai doguwar kanta ta katako, da kujeru masu dogayen ƙafafu a jere a gabanta, da madubi a bango wanda aka jera kwalabe da kofunan gilashi a gabansa, sannan ga sandar tagulla daf da ƙasa da ake ɗora ƙafa a kai. Wannan ita ce mashayar cikin gida. Masu zanen gine-gine a can sun daidaita a kan ma'auninta: tsayin kanta inci 42, wato kimanin santimita 107, tsayin kujera inci 30, faɗin mazaunin mutum ɗaya inci 24, sai a bar kimanin inci 36 a bayan kanta domin mai zubawa ya samu wurin juyawa. Idan an jawo famfo an sa wurin wanke kofuna, sai su kira ta jiƙaƙƙiyar mashaya, idan babu kuma busasshiya.

Kusan babu ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa da aka ƙirƙira domin gidan iyali. An kwaso su ne daga gidan giyar bakin titi, wurin da Amurkawa suka shafe kusan rabin ƙarni suna yaƙin rufewa. Sun kuwa rufe shi, amma dokar da ta rufe shi ce ta share masa hanyar shiga gida.

Asalin kanta

Kalmar da Turawan Ingila ke kiran mashaya da ita, asalinta shinge take nufi. A masaukan matafiya na ƙarni na 18, mai masauki yakan tsaya cikin wani ɗan keji na katako inda yake ajiye gangunansa da kwalabensa, ya miƙo abin sha ta taga, ya kulle kejin idan dare ya yi. Aikin shingen shi ne raba mai kaya da mai saye.

A gidajen masu hali kuwa ba a bukatar shinge, domin ba ciniki ake yi ba. Barasa tana rumbun ƙasa a kulle, barori ne ke kawo ta kan teburin cin abinci. Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, har wata 'yar na'ura ya sa aka ɓoye a gefen murhun ɗakin cin abincinsa na Monticello, wadda ke hawo da kwalaben inabi daga rumbu ba tare da bawa ya shigo ɗakin ba. A wancan zamani, mai gida ya tsaya bayan kanta yana zuba wa baƙi abin sha kamar ɗan tireda, abu ne da ba ya cikin al'adar manya.

Kantar da aka sani a yau ta samu siffarta ne a ƙarshen ƙarni na 19, a mashayar ma'aikata da Amurkawa ke kira saloon. Kamfanonin giya, cikin gasar neman kasuwa, sukan ba mai mashaya rance, su kawo masa kanta da madubi da fitilu, bisa sharaɗin kada ya sayar da giyar kowa sai tasu. Kamfanin Brunswick-Balke-Collender, wanda aka fi sani da teburan wasan biliyad, ya yi suna wajen sassaƙa irin waɗannan kantoci yana turawa garuruwa ta jirgin ƙasa. An yi tsayin kantar ne daidai da gwiwar hannun namiji a tsaye, sandar tagullar kuma domin ya huta da ƙafa ɗaya, tunda a tsaye ake sha. Madubin yana ƙara haske a ɗakin, yana kuma ba mai mashaya damar ganin abin da ke faruwa ko ya juya baya.

Ga baƙin haure daga Jamus da Ireland da Italiya, wannan wuri ya zama majalisa. A nan ake jin labarin aiki, a nan ake canza takardar albashi zuwa tsabar kuɗi, a nan 'yan siyasar unguwa ke tara ƙuri'a. Da yawa suna ba da abincin rana kyauta ga wanda ya sayi kofi, abinci mai yawan gishiri da ke ƙara ƙishirwa. Amma a nan ne kuma albashin mako yake ƙarewa kafin ya isa gida, matar da ke jira da yara ita ce ke shan wahalar yunwa, wani lokaci har da duka.

Daga wannan ɓacin rai aka kafa ƙungiyar mata Kiristoci masu yaƙi da shaye-shaye a 1874, sannan ƙungiyar Anti-Saloon League a garin Oberlin na jihar Ohio a 1893. A jihar Kansas, wata mata mai suna Carrie Nation ta shahara da shiga gidajen giya riƙe da ɗan gatari tana farfasa madubai da kwalabe. Sunan ƙungiyar ta biyu ya nuna inda aka sa gaba: wurin shan ne abokin gaba na farko.

Ƙofar da doka ta bari a buɗe

A ranar 16 ga Janairu, 1919, jihohi suka kammala amincewa da gyara na 18 ga kundin tsarin mulki, wanda ya haramta haɗa barasa da sayar da ita da safararta da shigo da ita. Dokar Volstead, wadda majalisa ta zartar a watan Oktoban shekarar duk da ƙin amincewar Shugaba Woodrow Wilson, ta ayyana duk abin sha da sinadarin maye ya kai kashi 0.5 cikin 100 a cikinsa a matsayin haramtacce. Haramcin ya fara aiki a ranar 17 ga Janairu, 1920.

Sai dai ba a haramta shan ba. Dokar ta yarda mutum ya ajiye barasar da ya mallaka kafin ranar a cikin gidansa, ya sha shi da iyalinsa da baƙinsa na haƙiƙa. Ta kuma ƙuntata ba da sammacin binciken gidan zama, sai idan ana sayarwa a ciki. Wani sashe ya halatta matse 'ya'yan itace a gida, wanda ya sa gonakin inabi na California suka bunƙasa, ana tura inabi da daskararren ruwansa ga iyalai a manyan birane.

Tsakanin amincewa da fara aiki an samu shekara guda cur, kuma mai kuɗi ya san abin da zai yi da ita. Attajirai suka cika rumbunansu. Lebura kuwa, wanda ke sayen kofi ɗaya-ɗaya da kuɗin yini, ya wayi gari an kulle majalisarsa. Shi kansa Wilson, da ya sauka daga mulki a 1921, ya kwashe ajiyarsa zuwa sabon gidansa a Washington, magajinsa Warren Harding kuma ya riƙa ba abokan kartarsa wiski a cikin Fadar White House.

Ba za a ce dokar ba ta yi tasiri ba. Masana tattalin arziki Jeffrey Miron da Jeffrey Zwiebel, a binciken da suka wallafa a 1991, sun ƙiyasta cewa sha ya faɗi zuwa kimanin kashi 30 cikin 100 na yadda yake a da, kafin daga baya ya farfaɗo zuwa tsakanin kashi 60 da 70. Abin da ya fi canzawa shi ne wurin sha da nau'in abin shan da kuma masu shan. 'Yan fasa-ƙwauri sun fi son barasa mai ƙarfi domin ta fi giya sauƙin ɓoyewa. Mafi yawan ta bayan fage ba ta da daɗin ɗanɗano, wata ma guba ce, saboda an tace ta daga sinadarin masana'antu da gwamnati ta sa a gurɓata, kuma mutane da dama sun mutu ko sun makance. Sai aka shiga gauraya ta da lemo da sukari da ƙanƙara, haɗin da ake kira koktel. Tunda a falo ake haɗawa, matan da a da shiga mashaya abin kunya ne a gare su suka zama su ne masu karɓar baƙi. Masu yin kayan ɗaki suka fara ƙera kabad da ke kama da ma'ajiyar littattafai ko akwatin rediyo, amma idan an buɗe sai ga kwalabe.

Bayan an ɗage haramci

Yawaitar 'yan daba masu safarar barasa, da karyewar tattalin arziki daga 1929 wadda ta sa gwamnati ƙishirwar haraji, su suka karya lagon dokar. Har mata, waɗanda da sunansu aka yi yaƙin farko, suka kafa ƙungiyar neman sokewa a 1929 ƙarƙashin Pauline Sabin. A ranar 5 ga Disamba, 1933, jihar Utah ta cike adadin da ake bukata, gyara na 21 ya soke na 18. A sanarwarsa ta ranar, Shugaba Franklin Roosevelt ya roƙi jihohi kada su bari tsohuwar mashaya ta dawo ko da a sabuwar kama.

Jihohi sun ji wannan kira. Aka hana kamfanin giya mallakar wurin sha, wasu jihohi suka shardanta sayar da abinci a wurin, wasu suka hana sha a tsaye, doguwar kujera ta zama abokiyar kanta. Jihar Mississippi ba ta ɗage nata haramcin ba sai a 1966. A ɗaya gefen kuma, saye a kanti a kai gida ya ƙara sauƙi. Firjin lantarki ya fara yaɗuwa a gidaje tun bayan da General Electric ya fitar da samfurinsa mai araha a 1927, kuma a Janairun 1935 kamfanin Krueger ya fara sayar da giyar gwangwani a Richmond ta jihar Virginia. Hollywood ta ƙara wa abin ado: a fim ɗin The Thin Man na 1934, miji da mata masu arziki suna haɗa koktel a masaukinsu kamar wata alamar wayewa.

Ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu ne ya samar da filin gina cikakkiyar kanta. Dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta 1944 ta ba miliyoyin matasa lamunin sayen gida, unguwannin bayan gari suka bazu, irin su Levittown da aka fara a 1947 mai gidaje sama da 17,000. Waɗannan unguwanni an tsara su ne domin zama kaɗai, mashayar kusurwar titi ta yi nisa, sai da mota. A yankunan sanyi kamar Chicago da Milwaukee da Detroit, inda yawancin gidaje ke da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, magidanta suka shiga lulluɓe bangonsa da allunan katako, su shimfiɗa leda a ƙasa, su ƙera kanta da hannunsu a ranakun hutu. Wasu suka kwaikwayi adon tsibiran Fasifik, da gora da tabarmi da sassaƙaƙƙun gumaka, salon da gidajen abincin Don the Beachcomber da Trader Vic's suka yayata daga California. Har gidan mawaƙi Elvis Presley, Graceland, yana da irin wannan kanta a ɗakin kallonsa na ƙasa mai talabijin uku. Jikan leburan da aka kora daga mashaya ya gina tasa a ƙarƙashin ɗakin kwanan 'ya'yansa, ya tsaya a bayanta a matsayin mai gida kuma mai zubawa.

Doka ta biyo sawu

Mashayar titi, duk da illarta, tana da lasisi da lokacin tashi da mai wuri da zai iya cewa ya isa haka. Ta gida ba ta da ko ɗaya, kuma baƙon da ya zo da mota da mota zai koma. Yawan mace-mace a kan hanya ya sa aka kafa ƙungiyar iyaye mata masu yaƙi da tuƙi cikin maye, MADD, a 1980. A 1984 majalisa ta matsa wa jihohi su mayar da shekarun sayen barasa 21. A wannan shekarar ce kuma Kotun Ƙolin jihar New Jersey ta yanke hukuncin cewa mai gidan da ya ci gaba da zuba wa baƙon da ya riga ya bugu, alhali ya san zai yi tuƙi, zai iya ɗaukar alhakin haɗarin da ya biyo baya. Shekara 64 bayan dokar Volstead ta tsaya a bakin ƙofa, shari'a ta shiga falo ta ɗora wa mai gida nauyin da ke kan mai mashaya.

Daga nan yayin ya yi sanyi, kantocin ɗakin ƙasa da yawa suka zama wurin jibge tarkace. Shirin talabijin na Mad Men da aka fara a 2007 ya dawo da sha'awar adon shekarun 1960, rufe wuraren taruwa lokacin annobar korona a 2020 kuma ya sake maimaita darasin 1920: idan aka kulle waje, abin yakan koma ciki. Amma iskar ta sauya. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya, kuma a Janairun 2025 babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da gargaɗi kan alaƙarta da cutar daji. A gidaje da dama yanzu, injin haɗa gahawa da firjin lemo ne ke zaune inda kwalaben wiski suke a da.

Duk da haka siffar ba ta canza ba. Mai zane har yau inci 42 yake aunawa, yana kafa madubi a baya, yana ɗaura sandar tagulla a ƙasa, ko da kuwa shayi za a sha a wurin. Wannan tsayi na leburan Chicago ne na shekarun 1890, wanda ya tashi daga masana'anta ya jingina gwiwar hannu a kan katako, albashinsa na mako a aljihu.