Tarihin Hawan Jini da Gadonsa ga Maza



A 1929, sa'ad da hanyar jirgin da ta ratsa Funtua take sabuwa, wani likita Bature, Donnison, ya auna jinin maza a ƙauyukan Kenya. Bai tarar da hawan jini ba, har aka zaci ciwon ba ya kama baƙar fata. Ashe kuskure ne. A 1969 Dokta Akinkugbe ya nuna akwai shi a Nijeriya, birni da ƙauye.

To, daga ina yake zuwa? Likita Pickering na Ingila ya ce ana gadonsa kaɗan-kaɗan, ta wajen uwa da ta wajen uba. A 1990 masana a Amurka suka gano cikin ɓeraye cewa wani kashi uba ne kaɗai ke ba ɗansa namiji. A 2007 aka ga fararen ƙwayoyin jini, masu tsaron jiki, suna da hannu su ma.

Saboda haka, manomi, in ciwon nan ya taɓa kama mahaifinka, kada ka jira a sayar da auduga. Je dispensa a auna ka, ka rage gishiri da kanwa.

Allah ya ba mu lafiya, amin.